Kabul Na Uku

Ni tun ranar da abin nan ya shigo gidanmu ban yarda da shi ba. Baƙi ne, mai nauyin bulo, da fankoki uku jere a jikinsa, mu kuwa da muke mutane fanka ɗaya muke rabo a ɗaki. Alhaji Aliyu Sani ne ya taho da shi daga Kano, ya cusa shi tsakiyar dilar shadda don kada hanya ta girgiza shi, shi ya sa har ya bar duniya yana ƙamshin turaren shadda. Nazifa, 'yar wana, ta ce sunansa kart girafik, wai shi ke zana hoto a cikin ordinatar, wato kwamfuta. Na ce Allah ya sa alheri, na koma bakin tukunyata.

Ga dalilin zuwansa. Mu 'yan Zangouettin ne, tsohuwar unguwar Hausawa ta tsakiyar gari. Can aka haife ni, can aka haifi uwata, wadda tun da jikoki suka fara zuwa kowa ke ce wa Kaka, har ni. Da aka shigo da katafila aka share unguwar, sai aka watse, wasu gabas, wasu kudu, mu da 'yan gidaje kaɗan muka faɗo nan Zongo ta bakin gari. Kaka ba ta ɗauko wani abin kirki daga tsohon gidan ba sai makullin ƙofar zaure. Ƙofar kanta katafila ta bi ta kanta, amma makullin yana wuyanta cikin igiya, ƙarƙashin riga, da shi take kwana, da shi take wanka. Na yi faɗa har bakina ya gaji. Makullin gidan da babu, me mutum zai yi da shi?

Bara idonta ya fara tafiya. Likita ya ce na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma da wuya ya kai damina, abin da ya rage mata ɗan rami ne kamar mai leƙe ta hudar ƙofa, kullum kuma yana ƙara tsukewa. Muka taho gida a kan moto, tana bayana, har muka zo daidai inda unguwarmu take a da, inda yanzu sai benaye da filaye masu ciyawa. Nan ta dafa kafaɗata ta ce ita ba ta damu da fuskokinmu ba, ta gan su ta ƙoshi, ƙofar gidanta kawai take so ta ƙara gani sau ɗaya. Na ce Kaka, wace ƙofa kuma? Ta ce ni dama tun ina ƙarama ba ni da tausayi. Wallahi maganar ta yi mini zafi, don ina tuƙi ne hawaye na zuba, ita ba ta gani.

Nazifa ce ta ɗauki abin a ka. Zanen gine-gine ta karanta, tana aiki a wani biro, wato ofis, a unguwar Koulouba. Ta bi tsofaffin unguwa gida gida tana tambaya: ina famfo yake, ina darbejiya take, zauren wa ke kallon na wa. Ta gina layinmu kaf a cikin ordinatarta, har da ƙofar Kaka shuɗiya da lotsawar da ragon layya ya yi mata. Sai dai tsohuwar ordinatar ba ta iya ɗaukar nauyin unguwa guda. In an buɗe sai ta nuna akwatuna masu launin toka, ta yi nishi, ta tsaya. Mai ido biyu ma sai ya yi haƙuri, balle Kaka. Nazifa ta ce sai an sa kart mai ƙarfi, a haɗa da babbar tele, hoto ya fito da haske da launi, Kaka ta matso kusa ta bi layin har ƙofarta.

Kart ɗin bai zo shi kaɗai ba. Ya zo da akwatin wutarsa, wanda Nazifa ke ce wa alimantasiyo, da wata 'yar jaka ta wayoyi. Ranar kuwa gidanmu ya cika, don ba a taɓa shigo da baƙo unguwar nan an ɓoye shi ba. Aka shimfiɗa tabarma aka baje komai, kowa ya ɗaga ya juya ya ce tubarkalla. Kaka ma tana zaune a gefe tana shafa kaya ɗaya bayan ɗaya, tunda hannu ya zama idonta, tana kuma damuna da cewa igiyar makullinta ta tsinke in samo mata wata. Na ce ta bari in sallami mutane. Daga baya ban ƙara jin ta yi maganar ba, na ɗauka ta manta.

Washegari Nazifa ta zauna haɗawa, sai na ji ta yi salati. Ashe kart ɗin baki uku gare shi, kowane baki da huda takwas, kowanne kuma sai an ba shi kabul nasa, wato wayar da ke kawo masa wuta, daga akwatin wuta. Kabul kuwa biyu ne a jaka. Alhaji ya rantse uku ne, da hannunsa ya sa su a Kano, shi da ya shekara yana ƙirga turamen atamfa ba zai ɓata a lissafin uku ba. Muka kife gidan nan. Muka ɗaga katifu, muka zazzage buhun masara, har cikin kejin kaji na leƙa. Nazifa ta gwada da biyun, kart ya kunna wata 'yar jar fitila ya ƙi motsi. Na ce kin gani ko, mai baki uku, in ba a cika masa duka ba ba zai ci ba, irinsu na sani a dangi.

Ta tafi babbar kasuwar Rood Woko wurin Lassane, wani Bamoshe mai butik ɗin kayan ordinatar. Yana da wayoyi kwando kwando, amma ya duba sunan akwatin ya girgiza kai, ya ce babu ɗan gidansu a nan, akwatunan wutar da yake da su kuma ƙanana ne, na ordinatar biro, ba za su ɗauki wannan ƙato ba. Ya ce zai aika a kawo daga waje, sai dai kaya suna zuwa ne ranar da hanya ta ga dama.

To, mu a Zongo ba a cewa wane ba shi da kaza sai ka ga an fara sallama. Tun can tsohuwar unguwa haka muke: in baƙo ya sauka gidanka, ba ka roƙon kowa, akushi ne zai ta shigowa. Da labari ya fita cewa gidan Kaka ana neman kabul, sai wayoyi suka fara zuwa. An kawo ta dutsen guga, an kawo ta rediyo, an kawo cajar waya sun fi a ƙirga. Salamata mai ƙosai ta kawo igiyar shanya, ta ce ita dai ga nata, kada a ce ba ta zo ba. Ɗan Malam ladan ya kwance wayar lasifikar masallaci ya kawo, aka wuni ba a ji kiran salla ba. Ni ke karɓa, ni ke godiya, ni ke dafa shayi, kuma ba wanda za ka ce wa mayar da kayanka.

Cikin wannan tulin, biyu suka shiga bakin kart cif. Ɗaya na Muntari ne, direban kamiyo, babbar motar kaya, ɗan Nijar, maƙwabcinmu tun Zangouettin, ya tsince shi ƙarƙashin kujerar mota, wani fasinja ya bari. Ɗaya kuma na Alhaji, wanda kunya ta sa ya yi wa ɗansa waya Kano, yaron ya ciro daga tasa ordinatar ya aiko cikin dila ta gaba. Duka biyun baƙaƙe, masu kai takwas, suna shiga su ce ƙas. Aka yi hamdala, Salamata ta fara guɗa.

Nazifa ta ce ba za ta sa ko ɗaya ba.

Ta yi bayani da ladabi, tana durƙushe. Ta ce kan da ke shiga kart iri ɗaya ne a duk duniya, amma gindin da ke shiga akwatin wuta kowane kamfani da yadda yake jera nasa. Hudar da wannan ke turo wuta, wancan mas yake sa wa, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta. In aka sa na wani gida, zai shiga lafiya lau, amma wuta za ta bi inda ba a aike ta ba, kart ya ƙone kafin a ƙifta ido.

"Baba Muntari, ce n'est pas compatible," in ji ta. "Shiga ba ita ce dacewa ba. Sai ɗan gidansu."

Da ta tsaya a Faransanci da an wuce wurin. Wannan "ɗan gidansu" shi ya jawo mana. Alhaji ya cire tabarau ya ninke, abin da ba ya yi sai in za a yi dogon zance. Ya ce ubansa ya shigo Zangouettin daga Kano ba wanda ya san shi, aka ba shi ɗaki aka ba shi tuwo, ba a tambaye shi ɗan gidan wa ba ne. Muntari ya zo daga Konni da jaka ɗaya. Uwar Kaka Bamoshiya ce, mijin Salamata Bazabarme ne, liman kansa in aka bi baya ba a san inda za a tsaya ba.

"Katafila ta rushe mana gini, 'yata, ba ta rushe mana hali ba," in ji shi. "Yau a gidan Kaka ake tambayar kabul asalinsa?"

Maza suka yi ta gyaɗa kai. Nazifa ta ce Alhaji, waya ce fa, ba mutum ba. Ya ce da waya ake farawa.

Aka kafa zama a rumfar ƙofar gida don a binciki wayoyin da adalci. Aka ɗora su a sikelin mai goro, nauyinsu ya zo ɗaya da na gidan. Aka auna tsawo da kamun hannu, aka sansana. Ni aka kira, tunda atamfa nake sayarwa, wai in ciri zare in ƙona yadda nake gane auduga da leda. Na ƙona, na ce duka warin roba suke, na gidan ma haka, sai aka ce to ga shaida, jininsu ɗaya. Aka je wurin liman neman fatawa, ya ce shi bai karanta wannan babin ba, abin da ya sani kawai a mayar masa da wayar lasifika kafin Juma'a. Duk wannan ana yi Nazifa ta kulle kart a cikin akwatin kayanta, tana zuwa wurin Lassane tana dawowa hannu wofi.

Da suka gama yarda cewa yarinya ce ba ta gane ba, sai sabuwar ta taso: kabul biyu, baki ɗaya ya rage, na wa za a sa? Alhaji ya ce kart daga Kano ya zo, ya fi sabawa da na Kano. Muntari ya ce nasa ya yi Lome ya yi Abidjan ya yi Agadas ƙarƙashin kujera bai ce komai ba, wannan shi ne kabul mai haƙuri. Magana ta yi tsami. Mutanen da suka yi shekara da shekaru suna cin tuwo a tire ɗaya suka daina gaisawa. Matansu suka daina aika wa juna akushi. Kullum da hantsi sai su zo su zauna a rumfarmu, wannan a wancan ƙarshe, wancan a wannan, kowa da kabul a aljihu. Muntari yana goge nasa da man inji, Alhaji yana fesa wa nasa turare. Ni kuwa shayi biyu nake dafawa, don ba sa shan na buta ɗaya. Haushi kamar ya kashe ni.

Idon Kaka bai tsaya jiran su shirya ba. Wata safiya na same ta tana gaida randa, tana tambayarta ya kwanan yara, ta ɗauka ni ce na durƙusa. Na yi dariya a gabanta, na shiga kicin na yi kuka. Da hantsi ta ce wa Nazifa ta buɗe taga, alhali taga a buɗe take, rana har kan tabarma. Na ga fuskar yarinyar nan ta canza. Ta ce ba za ta iya jiran hanya ba kuma. Za ta je wurin Lassane ta aro abin gwada wuta, ta bi hudojin nan ɗaya bayan ɗaya, in ya yiwu ta zare wayoyin ɗaya daga cikin kabul biyun ta sake jera su yadda akwatin yake so. Ta fito da kart ta ɗaura a ordinatar, ta sa kabul biyun gida, ta haɗa da tele, ta bar baki na uku a buɗe.

"Goggo, don Allah kada kowa ya taɓa," ta ce mini a bakin ƙofa. Ta hau moto ta tafi.

Ƙurar motonta ba ta kwanta ba Kaka ta ce a kira mata Alhaji da Muntari. Suka shigo suka durƙusa, kowa na kallon bango daban. Ta ce ita ta ji duk abin da ake ciki, makanta ce ke damunta ba kurumta ba, kuma ba za ta shiga tsohon gidanta maƙwabta biyu na gaba saboda ita ba. Ta tuna musu yadda ake yi a Zangouettin: in gida biyu suka kawo wa baƙo akushi lokaci ɗaya, uwar gida ba ta zaɓa, juye su take a kwano ɗaya ta gauraya, baƙo ya ci bai san na wa ya ci ba, kowa ya ɗauki akushinsa wanke ya tafi da mutuncinsa.

"Ku juye su a kwano ɗaya," in ji ta.

Alhaji ya share hawaye da bakin babbar riga. Muntari ya ce wallahi tsofaffi ba a banza suke ba, ya fita ya ɗauko filaya da sikoc, wato salatif, a motarsa.

Na tsaya a gaban ordinatar na buɗe hannu. Na ce Nazifa ta ce kada a taɓa, kuma waya ba miya ba ce. Na ce abin da bai dace shi kaɗai ba, ta yaya zai dace in an haɗa shi da ɗan'uwansa marar dacewa? Alhaji ya ce Zuhura, ke ma kin kamu da ciwon yarinyar nan. Kaka ta ce in matsa, gidanta ne, idonta ne, kuma ni dama tun ina ƙarama komai sai na ce a'a. Uwa ce, me zan yi, in ɗauke ta in fitar? Na kira wayar Nazifa, tana kan moto ba ta ɗauka ba. Na sake kira, na sake.

Muntari ya datse kabul biyun a tsakiya. Da ya fere su sai ga wayoyi takwas nan, takwas can, duka baƙaƙe, babu ja babu rawaya. A kamiyo, in ji shi, launi ake bi. Alhaji ya ce ai wannan ma alama ce, Allah ya yi su iri ɗaya don kada a bambanta. Muntari ya yi bisimilla ya kama ta farko da ta farko, yana murɗawa Alhaji na naɗa sikoc, kawunansu har suna gogar juna. An ɗan yi gardama a kan wane rabi zai shiga ina, aka daidaita: kan Kano ya shiga kart, gindin Nijar ya shiga akwatin wuta. Ragowar rabi biyun aka ba Salamata, ta ce za ta ɗaure buhu.

Kafin a gama ɗaki ya cika, har taga mutane. Kaka ta sa aka ɗauko mata mayafinta na Makka, aka zaunar da ita a kujera dab da tele, hancinta kusan ya taɓa gilashi. Saura wa zai kunna. Muntari ya ɗora yatsa a kan maɓalli, Alhaji ya ɗora nasa a kan na Muntari. A daidai nan na ji ƙarar moton Nazifa a ƙofar gida, na buɗe baki in ce ku dakata, suka danna.

Ƙarar ba ta da yawa. Tas, kamar an taka ƙwaro. Fankokin nan uku suka yi rabin juyi suka tsaya. Wani siririn hayaƙi fari ya taso daga baki na uku ya miƙe sama, ɗaki ya ɗauki warin roba gauraye da turaren shadda. Tele ba ta ko ƙifta ba.

Nazifa na tsaye a bakin ƙofa da abin gwada wuta a hannu. Aka buɗe mata hanya. Ta zare wuta daga bango, ta durƙusa, ta kalli dunƙulen sikoc, ta sansana kart, ta sa yatsa ta juya fanka ɗaya. Ba ta tambayi kowa komai ba. Ni na so ta yi ihu, ta zagi wani, ko ni ce, da na ji sauƙi. Alhaji da Muntari suna nan durƙushe, yatsa a kan yatsa, sun manta su ɗauke.

"An kunna?" in ji Kaka.

Ta ɗauka jira ake hoto ya fito. Ta gyara zama, ta sa hannu cikin wuyan rigarta tana lalube, ta ce bari ta shirya tun kafin a iso ƙofa. Ta jawo makullin ta fito da shi ta kai.

Ba igiya ba ce a jikinsa. Kabul ne baƙi, saƙaƙƙe, sabo fil, an zura shi cikin zoben makullin, kawunansa biyu masu huda takwas suna reto, an ɗaure su da ƙyallen atamfa. Sunan kamfanin akwatin wutar nan yana rubuce a jikinsa da farin fenti, ina gani daga inda nake.

Salamata ta toshe baki. Wani a taga ya yi salati a hankali. Kaka ta ji motsi, ta ce me ake kallo, igiyarta ce, a kan tabarma ta tsince ta ranar da baƙon ya zo, tunda Zuhura ta ƙi ba ta. Ta ce ba ta taɓa samun mai ƙarfinta ba, sai dai tana ɗan cizon wuya. Ita duk kwanakin nan da ake cewa kabul, kabul, ta ɗauka wani ƙarfe ne.

Alhaji ya sunkuyo wajen Muntari ya ce a ƙasa-ƙasa, "Na ce uku ne."

Dariya ta taso mini tare da kuka, ba wadda ta fita. Na kalli Nazifa. Ta kalli kabul ɗin nan da ta yi ta zarya Rood Woko a kansa, ta kalli kart mai hayaƙi, tsakaninsu bai kai kamu biyu ba.

Kaka ta matsa gaba, makulli a hannu, ta juya kai ta kawo idon dama daidai gilashi. Ta matsa hagu, ta matsa dama, tana neman abin da ɗan ramin nan zai kama. Ta daɗe. Sai muryarta ta yi ƙasa yadda ban taɓa ji ba.

"Ƙawata, duhu nake gani. Idon ne ya ƙarasa?"

Nazifa ta ajiye abin gwada wuta, ta rarrafo ta riƙe hannun da ke riƙe da makullin.

"A'a, Kaka, idonki lafiya. Wuta aka ɗauke a Zangouettin."

Kaka ta sauke ajiyar zuciya. Ta ce oho, ashe har yanzu ba su canza ba, a da ma haka suke yi, sai ana tsakiyar abu. Ta ce ba komai, a jira, ba ta daɗewa. Ta jingina da kujera, makulli a cinya, fuska ga tele. Muka zauna muna jira tare da ita, ɗaki cike da manyan mutane masu jikoki, kowa ya zuba wa baƙin gilashi ido, ba mai ƙarfin halin tashi. Sai da Ɗan Malam ya kira azahar da baki, don har ranar ba a mayar da wayar lasifika ba, sannan aka fara zamewa ɗaya ɗaya.

Alhaji ya rantse zai kawo wani kart, kuma ya cika alkawari, Muntari ne ma ya ɗauko shi a kamiyonsa, ya ɗaura masa bel a kujerar gaba. Kabul ɗin Lassane ma ya iso. Amma duka biyun sai bayan ruwan farko suka zo, idon kuwa bai kai damina ba, yadda likita ya faɗa. Nazifa ta haɗa komai da kabul uku 'yan gida ɗaya, unguwa ta fito tas a tele, da famfo da darbejiya da shuɗiyar ƙofa mai lotsawa. Tsofaffi suna zuwa kallo, amma na kafa doka, duk mai kuka ya yi a hankali, don ɗakin Kaka na jikin bango.

Ba wanda ya karɓi kabul ɗin daga wuyanta, Nazifa ta ce a bar mata. Wani lokaci in na kawo mata koko da safe takan shafa makullin ta tambaye ni ko wuta ta dawo a Zangouettin. Ni da ake cewa ba ni da tausayi, sai in ce tukuna, Kaka, sha kokonki kada ya huce.